Tsuntsun Ƙanƙara Ba Alƙalin Aure Ba Ne

A wani dare cikin hutun da ya wuce, bayan an yi sallar isha'i an ci tuwo, yara suka matsa mini lamba sai na kunna musu wani fim da na daɗe da ajiyewa a kwamfuta ban waiwaye shi ba. Sunan fim ɗin March of the Penguins, wato Tattakin Fengwin, wanda wani Bafaranshe mai suna Luc Jacquet ya shirya, ya fito a shekarar 2005, ya kuma ci kyautar Oscar a 2006. Muka zauna mu duka har da uwargida, wadda ta ce minti biyar kawai za ta yi ta tashi, amma ba ta motsa ba sai da aka soma jero sunayen ma'aikata a ƙarshe. Da aka zo wurin da macen ta mirgina wa namijin ƙwai a kan ƙafafunsa, ta juya ta nufi teku, ta bar shi da kwanci na wata biyu cikin duhu da sanyi, sai uwargida ta dube ni ta ce, "To Malam, ka dai gani da idonka." Ba ta ƙara ko kalma ɗaya ba. Yara suka fashe da dariya, ni kuwa na yi murmushin yaƙe.

Na kwana ina juya wannan magana a raina. Ko tana da gaskiya a kaina, wannan zan zo gare shi, domin ba na son a ce na fake da ilimi na gudu daga tuhuma. Abin da ya fara damuna shi ne shaidar da ta kira. Shin tsuntsu yana iya tsayawa shaida a kan yadda ya kamata miji da mata su raba ɗawainiyar 'ya'ya? Ni dai ra'ayina shi ne ba ya iyawa, kuma duk wanda ya kira shi shaida, muryar kansa ce yake ji tana dawo masa.

Bari in fara da tsuntsun, saboda mai karatun da bai ga fim ɗin ba. Hausa ba ta da suna gare shi, kuma babu abin kunya a nan, tun da ba a raɗa wa abin da ba a taɓa gani ba suna. Su kansu Turawan Ingila aron sunan suka yi daga wani tsuntsun teku na arewacin duniya, wanda mafarauta suka ƙarar da irinsa, aka kashe biyun ƙarshe da aka tabbatar a 1844 kusa da Aisilan. Faransawa kuwa manchot suke ce masa, wato mai dungu, saboda fukafukansa da ba sa tashi sama. Fengwin iri-iri ne, wanda fim ɗin ya bi shi ne mafi girma a cikinsu, wanda ake yi wa laƙabi da sarki. Tsayinsa ya haura mita ɗaya, yana tafiya a tsaye kamar dattijo cikin baƙar alkyabba, kuma ya kan nutsa cikin teku fiye da mita 500 neman kifi. Mazauninsa Antatika, can ƙarshen kudancin duniya, kuma an ɗauki fim ɗin ne kusa da tashar binciken Faransa ta Dumont d'Urville, inda masu ɗaukar hoto biyu, Laurent Chalet da Jérôme Maison, suka shafe kimanin shekara guda.

A watannin Maris da Afrilu, daidai lokacin da mu muke fama da zafin bazara, can hunturu ne ke ƙaratowa. A lokacin ne tsuntsayen ke fitowa daga ruwa su yi jerin gwano a kan tekun da ya daskare, tafiyar da kan kai kilomita 50 zuwa 120, har su isa filin haihuwa. A watan Mayu ko farkon Yuni macen ta saka ƙwai ɗaya tak, mai nauyin kusan rabin kilo. Babu sheƙa, babu ciyawa, babu ko tsinke, sai ƙanƙara. Dole ƙwan ya zauna a kan ƙafafu, a rufe shi da wata fatar ciki mai ɗumi. Macen ta riga ta ƙarar da kitsenta wajen yin ƙwan, saboda haka sai ta miƙa wa namijin, kuma a wurin miƙawar nan ne ake asarar ƙwai da yawa, domin in ya kuɓuce ya ɗan jima a kan ƙanƙara, shi ke nan ya daskare. Daga nan ta koma teku ta yi kiwo, shi kuma ya tsaya da ƙwan kimanin kwana 65, a sanyin da ke kaiwa digiri 40 ƙasa da sifili, da iskar da kan wuce gudun kilomita 140 a awa. Mazan kan cure wuri ɗaya, ɗaruruwa ko dubbai, suna matsawa a hankali ta yadda na bakin da'ira yanzu shi ne na tsakiya an jima. In aka haɗa da kwanakin tattaki da na neman aure, namijin kan yi kusan wata huɗu bai sa komai a bakinsa ba sai dusar ƙanƙara, ya zubar da sulusi zuwa kusan rabin nauyinsa. In ɗan ya ƙyanƙyashe uwar ba ta dawo ba, uban kan fitar da wani abu mai kama da kindirmo daga maƙogwaronsa ya ba shi, ya riƙe shi 'yan kwanaki. Da ta dawo sai su yi musanya, shi ya tafi teku, haka za su yi ta karɓa-karɓa har zuwa Disamba.

Akwai wani abu a nan da ni, a matsayina na ɗalibin harshe, na fi jin daɗinsa fiye da komai. Tun da babu sheƙa, babu adireshin da macen za ta nufa in ta dawo, ga dubban maza masu kama ɗaya. Da murya take gane nata. Masu bincike na Faransa, irin su Pierre Jouventin da Thierry Aubin, sun nuna cewa wannan tsuntsu yana fitar da sauti biyu a lokaci guda daga rassa biyu na maƙogwaronsa, kuma yadda sautukan biyu ke gogayya da juna shi ke ba kowane ɗaya tambarin muryarsa. Ta haka ne ma ɗan ke gane iyayensa cikin hayaniya.

Duk wannan gaskiya ne, kuma babu mai kallonsa zuciyarsa ba ta motsa ba. To amma hoto ba ya magana, sai an sa masa baki. Fim ɗin da muka kalla a gidana shi ne na Amurka, wanda fitaccen ɗan wasan nan Morgan Freeman ya yi wa sharhi da muryarsa mai kama da ta kaka yana ba jikoki labari. Tun a farkon fim ɗin ya shaida mana cewa labarin soyayya ne za mu gani. Daga wannan kalma ɗaya, an riga an ɗaura wa mai kallo tabarau. Tsuntsaye biyu suka sunkuyar da kai suna fuskantar juna, sai mu ga masoya. Uwa ta tsaya a kan gawar ɗanta tana kuka, aka ce mana rashin ya fi ƙarfin a jure, sai mu ga zaman makoki. Na asalin, wato na Faransanci, ya ma fi haka zaƙewa, domin a can 'yan wasa uku aka sa suka ari bakin tsuntsayen, uba da uwa da ɗa, suna magana da "ni" da "ke" kamar a wasan kwaikwayo. Amurkawa suka ga abin ya yi yawa suka cire, suka sa mai sharhi guda. Hotunan kusan ɗaya ne, amma labari biyu aka bayar, kowane tsuntsu kuwa kukan gidansu yake yi.

Ba ina cewa tsuntsu ba ya jin komai ba ne. Abin da nake cewa shi ne kalmomi irin su soyayya da amana da sadaukarwa da baƙin ciki an ƙera su ne a maƙerar zaman mutane, kuma kowace na tafe da kayanta: alkawari, da zaɓi, da yiwuwar cin amana, da hisabi. In muka ce mutum ya yi sadaukarwa, muna nufin yana da ikon ƙi amma bai ƙi ba. Da zarar an ɗora wannan kalma a kan fengwin, an shigo da duk waɗannan kaya ta ƙofar baya ba tare da an biya musu kuɗin fito ba. Wannan shi ne abin da nake koya wa ɗalibaina a darasin ma'ana, cewa abin da jimla ta ɗauka a matsayin sananne ya fi abin da ta furta ƙarfi, domin shi ba a tsayawa a yi gardama a kansa.

Ba a daɗe ba kuwa aka ga sakamakon. Fim ɗin ya yi kasuwar da ba a saba gani ba ga irinsa, ya tara kimanin dala miliyan 127 a duniya, kuma a cikin shekarar 2005 ɗin masu ra'ayin mazan jiya a Amurka suka rungume shi. Masu sharhi irin su Michael Medved da Rich Lowry suka yi ta yaba shi a matsayin hujjar auren mace ɗaya da riƙon iyali irin na gargajiya. Abokan hamayyarsu suka mayar da martani da nasu tsuntsayen. Aka wayi gari fengwin, wanda bai san ana yi ba, ya zama ɗan jam'iyya. Jacquet, wanda asalinsa masanin halittu ne, ya fito ya ce rashin gaskiya ne a ɗora wa tsuntsaye irin wannan fassara. Ya yi daidai, sai dai ni ban wanke shi ba, domin wanda ya ara wa tsuntsu bakin mutum ba shi da ta cewa in wasu suka zo suka sa wa bakin nasu kalaman.

Ga kuma abubuwan da masu wa'azi da fengwin ba sa son a tono. Auren nasa na shekara ɗaya ne. Binciken da aka yi a wannan fili da aka ɗauki fim ɗin ya nuna cewa kimanin kashi 15 cikin 100 ne kawai ke komawa ga abokin zaman bara, sauran kowa sabo yake nema, saboda lokaci ƙanƙane ne kuma babu mai jiran wanda ya makara. Uban da aka ce ya gwammace mutuwa da barin ƙwai, shi ma yana da iyaka: in kitsen jikinsa ya sauka zuwa wani mizani kuma macen ba ta dawo ba, ajiye ƙwan ko ɗan yake yi ya kama hanyar teku. Uwar da ɗanta ya mutu kuwa takan auka wa na wata ta ƙwace, a wajen kokawar ma akan tattake ɗan, in kuma ta samu, bayan sa'o'i ko 'yan kwanaki sai ta yar da shi ya mutu. Masana sun danganta wannan da sinadarin furolaktin, wanda shi ne ke kawo ruwan nono ga mai jego, yana nan da yawa a jikinta alhali babu ɗan da za ta rena. Fim ɗin ya nuna yunƙurin satar, amma ya lulluɓe shi da mayafin tausayi. In za mu ɗauki darasin kwancin ƙwai, da wace hujja za mu bar darasin sakin aure duk shekara da na satar 'ya'ya?

Ba sai mun je Antatika ba kafin mu gane cewa tsuntsaye na da fatawa ga kowane mai nema. Mai son karɓa-karɓa ya dubi jimina, wadda macen ke kwanci da rana namijin da dare. Amma ya sani cewa namijin jimina mai mata da yawa ne, duk a rami ɗaya suke saka ƙwai, kuma uwargidan takan mirgine wasu daga ƙwayayen kishiyoyinta waje in sun yi mata yawa. Mai son kulle ya dubi cilakowa, wadda macen ke shiga kogon itace a liƙe ƙofar da laka da kashi, a bar 'yar tsaga, namijin yana kawo mata cefane ta nan har 'ya'ya su tasa. Wanda ba ya son a dame shi da komai, ga zakara nan a tsakar gida, bai taɓa sanin inda ƙwai yake ba, kuma bai fasa cara ba. Da na so in yi wa uwargida rashin kunya a daren nan, da cilakowa kawai zan ambata, mu tashi kunnen doki, alhali babu wanda ya ce komai a kan ainihin maganar.

Na san wani zai ce, ashe ba hankaka ne ya nuna wa ɗan Annabi Adamu yadda zai binne gawar ɗan'uwansa ba? Haka ne. Amma wancan hankaka aiko shi aka yi, kuma Littafin ne ya gaya mana abin da ya zo koyarwa, ba wani mai sharhi da kamfanin fim ya ɗauka haya ba. Kallon halitta domin a ga girman Mahalicci abu ne da aka umurce mu da shi, kuma ƙwan da ke rayuwa a kan ƙafafu biyu a tsakiyar ƙanƙara ya isa abin tunani. Ciro hukuncin zaman aure daga ɗabi'ar tsuntsun da muka zaɓa da kanmu, saboda ya dace da abin da dama muke so, wannan wani abu ne dabam.

In aka tsame kalmomin mai sharhi, abin da ya rage a fim ɗin lissafi ne. Abinci na teku, filin haihuwa na nesa da teku, ƙwai ba ya jure minti kaɗan a ƙasa. Saboda haka tsuntsu ɗaya ba zai iya ba, ko namiji ko mace. Inda wuri ya yi sauƙi, kamar tsakar gidan kaza, uwa kaɗai ta wadatar. Yanayi ne ya tsara rabon aikin. Wannan kam tambaya ce da mutum zai iya yi wa kansa ba tare da ya ari bakin kowa ba: a halin da gidana yake ciki, mutum ɗaya zai iya? Kakanninmu sun yi reno a cikin babban gida, ga kaka, ga gwaggo, ga matan 'yan'uwa, ga yayye, yaro yana da hannaye goma da za su ɗauke shi, uba kuwa yana gona ko fatauci, har ma ana yaba masa in ya nuna kunyar ɗan fari. Yawancin masu karanta wannan shafi ba a irin wannan gida suke ba. Muna zaune ne a gidajen haya ko na ma'aikata, daga mu sai matanmu sai yara, sau da yawa a garin da ba namu ba, kuma matan da yawansu malamai ne ko ma'aikatan jinya ko na banki, suna fita da safe kamar yadda muke fita. Hannaye goman nan sun koma huɗu, amma har yanzu muna lissafi kamar biyu daga ciki ba sa cikin ƙidaya.

Harshenmu ma yana tona mana asiri. In aka ga namiji yana yi wa ɗansa wanka ko yana ba shi abinci, cewa ake yi yana taya matarsa. Kalmar taya kuwa ba ta shiga sai inda aikin na wani ne: ana taya maƙwabci gini, ana taya aboki murna. Ba a taɓa cewa mace tana taya mijinta reno ba. In uwa ta yi tafiya ta bar yara da ubansu, sai ka ji yana cewa an bar shi da gadi, kamar wanda aka ba ajiyar kayan wani. Ni kaina na sha faɗin haka ina dariya. A nan ne maganar uwargida ta same ni, kuma ba na musu. Lokacin da nake rubuta kundin digirina na uku, an yi shekaru da ban san ranar rigakafin ko ɗaya daga 'ya'yana ba, ban san sunan malamar ajin babbar 'yata ba, ina ganin tun da na yi cefane na biya kuɗin makaranta na sauke nauyi. Ita kuwa tana koyarwa a makarantar sakandare a duk tsawon lokacin. Wannan laifi ne da za a iya kama ni da shi da hujjar adalci, da hujjar addini, da hujjar abin da yaro ke bukata daga ubansa, kuma waɗannan hujjoji ba sa rushewa don wani ya ambaci zakara. Hujjar fengwin kuwa jimla ɗaya ta isa ta kayar da ita, shi ya sa nake ganin masu kira ga maza su shiga reno suna cutar da kiran nasu in suka jingina shi da tsuntsu.

Wani abu da ya ba ni dariya da tausayi lokaci guda: a 2018 BBC ta nuna nata fim ɗin a kan wannan tsuntsu cikin jerin Dynasties, da muryar David Attenborough. Mai ɗaukar hoton, Lindsay McCrae, ya yi wata 11 a Antatika kusa da tashar Jamusawa ta Neumayer yana ɗaukar mazan da suka ƙi rabuwa da ƙwansu, kuma yana can aka haifi ɗansa na fari a Ingila, bai riƙe shi a hannu ba sai bayan watanni. Ban ga laifinsa ba, neman abinci ne ya kai shi, kamar yadda yake kai da yawa daga cikinmu Legas ko Abuja mu bar iyali a gida. A fim ɗin ne kuma ma'aikatan suka karya al'adar masu irin wannan aiki ta rashin sa baki, suka haƙa matakala a jikin wani kwazazzabon ƙanƙara domin tsuntsayen da suka maƙale da 'ya'yansu su samu hanyar fita.

Illa ta ƙarshe ta mayar da dabba madubi ita ce, mai duba madubi fuskarsa yake gani, ba ya ganin madubin. Amurkawa sun shafe watanni a 2005 suna gardamar abin da fengwin ke koyarwa game da aure, alhali fim ɗin da kansa bai ce uffan ba a kan abin da ke barazana ga tsuntsun. Tun a 2001 masana biyu na Faransa, Christophe Barbraud da Henri Weimerskirch, suka wallafa cewa yawan tsuntsayen wannan fili da aka ɗauki fim ɗin ya ragu da rabi a ƙarshen shekarun 1970, lokacin da ruwan yankin ya yi ɗumi ƙanƙara ta ja baya. Duk wannan tsari na miƙa ƙwai da azumin wata huɗu da gane murya a kan abu ɗaya ya dogara, wato ƙanƙarar teku ta tsaya daram daga Afrilu har zuwa Disamba, lokacin da 'ya'yan ke zubar da gashin jarirai su fitar da wanda ruwa ba ya ratsawa. A Oktoban 2022 gwamnatin Amurka ta sa shi cikin jerin halittun da ke fuskantar barazana saboda ɗumamar yanayi. A ƙarshen wannan shekarar ne kuma ƙanƙarar tekun Bellingshausen, a yammacin Antatika, ta farfashe tun a watan Nuwamba. Peter Fretwell da abokan aikinsa na hukumar binciken Antatika ta Birtaniya, waɗanda ke gano mazaunin tsuntsayen ta hoton tauraron ɗan'adam daga tabon kashinsu a kan farar ƙanƙara, sun ba da rahoto a Agustan 2023 cewa a cikin filayen haihuwa biyar na yankin, huɗu ba su fitar da ɗa ko ɗaya ba bisa dukkan alamu. An ƙiyasta 'ya'yan da suka nutse ko sanyi ya kashe sun kai 10,000. Iyayensu maza sun yi kwancin kwana 65 ɗin cif, iyayensu mata sun dawo da abinci a kan kari, saura 'yan makonni gashin ya fito ƙasan da suke tsaye a kai ya tsage.